Sharhi a kan Kalmar *Roi* da Yadda Ake Fassara Ta

A ƙananan ƙamusoshin Faransanci da Hausa da ɗalibai ke riƙewa, akan rubuta *roi*, a sa *sarki* a gabanta, a wuce. Wani lokaci a ƙara da cewa daga *rex* ta Latin ta fito. Duka biyun suna bukatar gyara.

Mu fara da asali. A Latin suna yakan canza siga gwargwadon aikinsa a jimla: *rex* idan aikau ne, *regem* idan karɓau ne. Daga *regem* ɗin nan kalmar ta fito. Baƙin *m* na ƙarshe ya faɗi, *g* da ke tsakanin wasula biyu ya raunana har ya ɓace, aka sami *rei* a tsohon Faransanci, daga baya ta koma *roi*. Ta wannan hanya Sifaniyanci ya sami *rey*. Ɗalibin da aka ce wa *rex* kawai zai yi ta neman inda *x* ya shiga, alhali ba daga wannan siga aka taso ba. Saiwar kuwa ita ce ta aikatau *regere*, wato miƙar da abu ko shiryar da shi. Ita ce dai a cikin *règle*, abin jan layi da kowane ɗan lakwal ya sani. Ke nan tun asali *roi* mai miƙar da al'amura ne.

Matsalar fassara ta fi wannan nauyi. *Roi* shi ne wanda babu wani a samansa a masarautarsa. *Sarki* ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba: akwai Sarkin Katsina, akwai kuma sarkin fawa da sarkin kasuwa, waɗanda Bafaranshe ba zai kira *roi* ba sai da wasa.

Su kansu Faransawan mulkin mallaka ba *roi* suka zaɓa wa sarakunanmu ba. Na Damagaram da na Agadas suka ce *sultan*, mafi yawan sauran kuwa *chef*, kamar a *chef de canton*. Ita *chef* daga *caput* take, wato kai, kuma da ita ake kiran shugaban ofis da babban kuku. A ganina ba kuskuren harshe ba ne, rage daraja ne da gangan. Don haka ɗalibin da ya ɗauki takardar zamanin mallaka ya mayar da *roi* da *chef* duka *sarki*, ya goge bambancin da mai takardar ya yi nufin a gani.