Bashin da Kirk Franklin ya karɓo

Da Kirk Franklin ya fitar da "Stomp" a 1997 tare da ƙungiyar God's Property, wasu dattawan coci a Amurka suka ce ya shigo da gidan rawa wurin ibada. Ba su rasa hujja ba, don kiɗan daga "One Nation Under a Groove" ta Funkadelic, ta 1978, ya aro shi.

Ni dai a ganina bashi ya karɓo. Tun 1954 Ray Charles ya ɗebi salon waƙar coci ya gina "I Got a Woman", kuma a kan irin wannan aron kiɗan sol ya tsaya da ƙafafunsa.

Ƙorafina yana wani wurin daban. Abin da ke riƙe "Stomp" shi ne amshi, muryoyi da yawa suna tashi tare kamar bakin mutum ɗaya. Amma Franklin ba ya barin su su sarara, kowane layi sai ya tsoma baki da kirari. Na saurara sau da dama, ƙafata na motsi, amma kalmomin yabon sai na kasa kunne sosai kafin in tsince su. Waƙar ibada kuwa, in saƙonta ya nutse cikin ganga, rawa kawai aka yi.