Masu Toshe wa Wuta Hanya

A Sikotilan, galibin sababbin gidaje da katako ake tayar da su, sannan a kewaye da bulo. Tsakanin katakon da bulon akan bar rata ta kimanin milimita 50 don danshi ya samu mafita. In gobara ta tashi, wannan ratar ce ke zuƙar wuta sama, ta gefen taga kuma take kutsawa.

A Satumban 2019 gobara ta cinye Richmond House, ginin katako mai gidaje 23 a Worcester Park, kudu maso yammacin Landan. Bincike ya gano shingayen tare wuta da ke cikin ratar bangon ba su yi daidai ba.

Shi ya sa kafintocin da ke toshe bakin ratar suka cancanci jinjina. Sukan zagaye kowace taga da audugar dutse, wadda wuta ba ta ci, ko katako mai kaurin aƙalla milimita 38, su matse tsam, musamman a kusurwa, inda mai gaggawa kan bar kafa. Ƙa'idar gini a Ingila ta ce shingen ya tare wuta minti 30. Amana ce zalla, domin da magini ya ɗora bulo, ko mai gidan ba ya ganin aikin.