Jinjina ga Masu Kwana a Bakin Gari

Mutanen Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana sun san abin da maƙwabtaka da dajin Rugu ta jawo musu: satar shanu, garkuwa da mutane, gonaki ba shuka. A Fabrairun 2020 aka kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar.

Cikin wannan hali 'yan sintiri suke kwana a bakin gari, da tocila da bindigar toka, sauro na cizo, raɓa na sauka. Manoma ne fa, gari na wayewa sai fartanya. Sun san kowane burtali, suna gane ƙarar babur ɗin da ba na gari ba. Irin wannan sani Gwamna Dikko Radda ya nema da ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023.

Na fi jinjina wa waɗanda in sun kama wanda ake zargi suke miƙa shi ga hukuma, alhali zuciya na tafasa, domin da yawansu sun binne 'yan'uwa. Allah Ya saka musu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki.