Kunne Ba Ya Tsallake Shafi

Tambayar da marubutanmu suke ta juyawa a 'yan shekarun nan ita ce: in mayar da littafina na sauraro, ko in bar shi a takarda? Masu ƙi suna da hujjarsu. Sun ce da zarar murya ta fita an daina sayen littafi, kowa zai tura wa ɗan'uwansa ta Xender ko WhatsApp, marubuci ya tashi a tutar babu. Ni daga Gider nake kallon wannan muhawara, a arewacin Kamaru, inda nake gabatar da shirye-shirye a rediyo, kuma daga nan lamarin yana da wata fuska dabam.

Gider tana kimanin kilomita 100 arewa da Garwa, ba ta da nisa da Mubi. Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta. Bahaushen da aka haifa a nan yana jin Hausa ras, amma ba wanda ya koya masa karanta ta da boko. Idonsa ya saba da "ou" a gurbin "u", da "tch" a gurbin "c", haruffa masu lanƙwasa kuwa baƙi ne gare shi. Ka miƙa masa littafin Kano, shafi biyu zai yi ya ajiye. Dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Wato mai karatu a Indiya ya san Rabi da 'ya'yanta tara, amma Bahaushiyar Gider da ke cikin irin halin Rabi ba za ta san ta ba sai an karanta mata. Marubucin da yake tsoron murya za ta rage masa ciniki ya sani cewa a nan dama ba a saya, balle a daina.

Saboda haka ina goyon bayan littafin sauraro. Sai dai ba kowane littafi ne zai jure wa kunne ba, kuma nan ne nake ganin marubuta ba su yi nazari sosai ba.

Ƙagaggun labaranmu na farko da baki aka gina su. A littattafan da gasar 1933 ta haifar, Alhaji Imam ne yake ba da labarinsa a Ruwan Bagaja, Ganɗoki yana ba yara nasa, Shaihu Umar yana ba almajiransa. A Magana Jari Ce aku ne yake riƙe Musa da labarai don kada ya bar gida. Wanda yake son riƙe mai sauraro dole ya san inda zai numfasa, da inda zai maimaita suna don kada a manta, da inda zai yanke magana a bar mutum da ƙishirwa. Shi ya sa duk mai gabatarwa da ya taɓa karanta Abubakar Imam a gaban makirfo ya san jimlarsa tana zama a baki ba tare da gyara ba.

Yanzu ɗauki yawancin littattafan da ake rubutawa a waya ana sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Wasu suna da labari mai ƙarfi, ba na musu. Amma ido yana yafe abin da kunne ba ya yafewa. Shafi guda na bayanin atamfa da sarƙa da kayan ɗaki, ido zai tsallake shi cikin daƙiƙa biyu, mai sauraro kuwa sai ya zauna minti uku ana lissafa masa. Hirar da ba a faɗi mai magana ba, ido yana gane ta da sabon layi, kunne sai ya rikice tsakanin uwar miji da amarya. Jarumai uku masu suna da harafi ɗaya sukan zama mutum ɗaya a kunne. Ga kuma cuɗanya Hausa da Turanci, wadda take yi wa ɗan Kaduna daɗi, amma ta bar mai sauraro na Garwa da Maraɗi a waje, tunda Faransanci suka karanta.

Akwai kuma zaɓen murya. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya rubutu ɗaya ne, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Mai karantawa ne yake yanke hukunci a kowace jimla, shi ne kuma yake zaɓar ko maganar kishiya ta fito da izgili ko da rauni. Ashe duk wanda ka ba littafinka ya karanta, ka ba shi damar fassara shi. Muryar na'ura da wasu suke dogara da ita don sauƙi tana yawan tuntuɓe daidai a wannan wuri. BBC Hausa ta nuna amfanin murya mai kyau tun da ta fara gasar Hikayata a 2016: gajerun labaran da ake karantawa a rediyo suna isa gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Batun kuɗi gaskiya ne, kada a raina shi. Littafi mai kalmomi 60,000, in ana karanta 150 a minti, ya kusa awa bakwai, kuma kowace awa tana cin awanni na ɗauka da tacewa. Amma marubucin da ya ƙi yi bai hana a yi ba. YouTube cike yake da littattafan Hausa da ake karantawa, masu tura fina-finai a kasuwa suna zuba su a memori, wani lokaci ko sunan marubuci ba a ambata. Wanda ya ƙi fitar da nasa ya bar wa wani ya fitar da shi da muryar da ya ga dama, ya kuma ci kuɗin.

Shawarata ga marubuci ita ce ya fara karanta babi ɗaya da ƙarfi ga wanda bai san labarin ba. Duk inda mutumin ya ce "wa ke magana?" ko ya ɗauki wayarsa, a nan gyara yake. Sai ya zaɓi mai karantawa da kansa, su yi yarjejeniya a rubuce: tsawon lokaci, kason kowa, da ambaton sunan marubuci a farkon kowane kashi. Sannan ya tuna cewa mu da sefa muke ciniki, ta Orange Money ko MTN Mobile Money. Lambar asusun bankin Najeriya kaɗai ba ta isa ba. Mai son biya yana nan a Gider, a nuna masa inda zai biya kawai.