Jinjina ga masu gyaran agogo na Gure

A 1953 kamfanonin Blancpain da Rolex na ƙasar Suwizalan suka ƙera agogon masu nutso a teku. Zobe ne ke zagaye da fuskarsa, mai nutso ya juya shi don ya san mintocin da ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin iskarsa ta ƙare. Sean Connery ya ɗaura Rolex Submariner a fim ɗin James Bond na 1962, daga 1995 kuma ɗan leƙen asirin ya koma Omega Seamaster. Ita Omega ɗin, a gasar Olamfik ta 1932 a Los Angeles, agogo 30 ta aika da ma'aikaci ɗaya tal mai kula da su.

Ƴan'uwan wannan ma'aikaci nake yi wa jinjina, waɗanda ke zaune a kasuwar Gure bakin ɗan tebur mai gilashi. Nan babu teku, sai rairayi, kuma ƙurar hunturu ta fi ruwa iya saɗaɗe. Ka ga malamin ya manna madubi a ido, ya buɗe bayan Seiko ko Casio, ya sa hantsaki ya ɗauke ƙwayar rairayi guda da ta tsayar da komai. Sai ya duba siririyar robar da ke rufe bakin agogon, wadda zafin bazara ke busarwa. Ita ce dai ke tare ruwa a agogon miliyoyi. Ya canza ta, ya ɗiga mai, ya kara agogon a kunne, sannan ya saita wa dattijo lokaci kafin azahar.

Allah ya ƙara wa idanunku haske.