Yadda Gwani Yake Zaɓar Fiyano Mai Kiɗa da Kanta

A wurin biki sai ka ga mutum ɗaya tsaye bayan fiyano, hannunsa biyu ne kamar na kowa, amma abin da ke fita daga lasifika kiɗan mutum shida ne ko bakwai: ga ganga, ga bes mai kauri yana tafiya a ƙasa, ga jita tana yanka, ga sarewa a sama tana bin muryar mawaƙi. Ba faifai ya saka ba. Idan mawaƙin ya ja baiti, kiɗan ya jira shi, idan ya sauya, kiɗan ya bi shi. Irin wannan na'ura ce ake kira areinja, wato fiyano mai haɗa rakiyar kiɗa da kanta, kuma zaɓenta ilimi ne da ba kowane mai kuɗi yake da shi ba.

Asirin yana hannun hagu. Na'urar tana raba maɓallanta gida biyu. Na dama su ne masu fitar da karin waƙa, na hagu kuwa ba sauti kawai suke bayarwa ba, umarni suke bayarwa. Makaɗi ya danna maɓallai uku tare, abin da ake kira kod, sai na'urar ta karanta su, ta juya dukkan rakiyar zuwa wannan kod ɗin a take. Tsarin rakiyar shi ne sitayil. A na'urorin Yamaha, sitayil guda yana da layi takwas: biyu na ganguna, ɗaya na bes, biyu na kod, ɗaya na sauti mai shimfiɗa a baya, biyu na ƙawa. Yana da mabuɗi iri uku, da jikin kiɗa iri huɗu daga mai sanyi zuwa mai zafi, da ɗan gajeren jujjuyawar ganga da ake sakawa tsakanin baiti da amshi, da rufewa iri uku. Duk wannan yana ƙarƙashin yatsun mutum ɗaya, kuma dole ya taɓa kowanne a daidai lokacinsa.

Mu nan ba baƙinta ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 jerin PSR na Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, shi ya haifar da abin da ake kira kiɗan fiyano a finafinan Hausa. Yau kasuwar ta faɗaɗa. Yamaha ta fitar da SX700 da SX900 a 2019, da Genos a 2017 da magajinsa Genos2 a 2023. Korg tana da jerin Pa da ake tsarawa a Italiya, irin su Pa700 da Pa1000, da babbarsu Pa5X ta 2022. Akwai Ketron, ita ma ta Italiya, da E-A7 ta Roland. Mai gaggawa yana haddace waɗannan sunaye, ya tambayi wacce ta fi tsada, ya biya. Gwani kuwa kafin ya taɓa ko maɓalli ɗaya ya riga ya amsa wa kansa tambaya: ina za ta fi yin aiki, a filin biki ko a ɗaki?

Ka lura da shi a shago. Mai kaya zai miƙa hannu ya kunna waƙar talla da kamfani ya saka a ciki, sai ya ce, "Bar shi, Alhaji, bari in ji ta da hannuna." Ya san waccan waƙar ƙwararru ne suka gyara ta don ta burge. Sai ya zaɓi murya ɗaya tak, wato sautin kayan kiɗa guda, ya cire amsa-kuwwar da ke lulluɓe ta, ya danna maɓalli guda a hankali, ya sake dannawa da ƙarfi. Abin da yake nema shi ne ko sautin yana canza hali, ba ƙara kaɗai ba, domin sarewar gaske idan aka busa ta da ƙarfi har kalar muryarta takan sauya. Sai ya riƙe maɓallin ya saurari wutsiyar sautin har ta mutu. A nan ake gane murya mai arha, tana maimaita kanta a zagaye ko ta yanke kwatsam. Yakan zo da na'urar sauraro ta kunne tasa, wadda ya saba da ita, don hayaniyar kasuwa ba ta barin a ji irin wannan.

Daga nan sai ya gwada yawan sautin da take iya riƙewa a lokaci guda. Ƙananan na'urori suna tsayawa a 48 ko 64, matsakaita irin SX900 suna kai 128, Genos kuwa 256. Wanda bai sani ba zai ce ai yatsu goma ne, me za a yi da 128? Amma sitayil kaɗai yana cin kaso mai yawa, murya ɗaya mai kyau tana iya cin biyu ko fiye a kowane dannawa, in ka ɗora murya kan murya ka taka fedar da ke tsawaita sauti, lissafin ya ninka. Don haka yake kunna sitayil mafi cika, ya taka feda, ya zuba yatsu, yana kasa kunne ko wani sauti zai ɓace a tsakiya.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan sitayil, kuma a ganina nan ne ainihin gwanintar take. Ba ya ƙirga ko ɗari nawa ne a ciki, don mafi yawansu na raye-rayen Turai da Amurka ne da ba zai taɓa kaɗawa a gidan biki ba. Uku ko huɗu yake nema waɗanda suka yi kusa da tafiyar kiɗanmu, musamman mai bugu shida a zagaye, wanda ƙafa ke taka biyu hannu yana kaɗa uku. Sai ya fara wahalar da na'urar da gangan. Ya sauya kod ya ɗan makara, ya ji ko bes zai yi tuntuɓe. Ya sauya da wuri, ya ji. Ya tsallaka daga jiki na ɗaya zuwa na huɗu ya ga ko ƙarar za ta yi tsalle ta firgita jama'a. Ya danna jujjuyawar ganga a tsakiyar zagaye, ba a farkonsa ba, domin mawaƙi ba ya duba agogo kafin ya shiga amshi. Na'urar da ta jure wannan ba tare da ta ji kunya ba, ita ce abokiyar tafiya. Ɗan tsere ma ba a tsaye yake sayen doki ba, sai ya hau ya juya shi hagu da dama.

Sai kuma tambayar da ta fi shafarmu: za ta karɓi namu? Kalangu da kotso da gurmi ba kasafai kamfani ke saka su ba. Makaɗi mai himma yana zuwa wurin mai kalangu na gaske, ya ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya, mai sako da mai matsi, ya yanke su, ya jera su a kan maɓallai, sannan ya gina sitayil ɗinsa layi bayan layi. Wannan aiki yana buƙatar ma'ajiya ta musamman a cikin na'urar, kuma girmanta ya bambanta: SX700 tana da megabait 400, SX900 gigabait 1. Malalaci yana kwafar filas ɗin wani ya yi shekaru yana kaɗa abu ɗaya, shi ya sa kake jin waƙoƙi goma da ganga iri guda. Gwani kuwa da ka ji bugu biyu ka san hannunsa ne. Yana kuma gwada ɗan juyi ko sandar da ke gefen hagu, mai lanƙwasa sauti sama da ƙasa, domin da ita ake kwaikwayon matsin kalangu a hammata da jan goge da kukan algaita. In ta yi tauri ko ba ta komawa tsakiya daidai, ba ta yi ba. Masu ƙasida da ke bin karin Larabawa su kuma suna neman irin PSR-A5000 ko Pa700 Oriental, masu ba da damar sauke maɓalli da rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta.

Bukatun fili a bayyane suke. Maɓallan ajiye shiri, takwas a SX900, goma a Genos, suna riƙe murya da sitayil da sauri da tsayin sauti, ta yadda dannawa ɗaya za ta kai ka waƙa ta gaba kafin mai gabatarwa ya gama magana. Maɓallin ɗaga sauti ko sauke shi ya kasance kusa da hannu, don muryar mawaƙi da ƙarfe biyun dare ba ita ce ta bayan isha'i ba. Allon ya karantu a hasken rana. Nauyi ma abin dubawa ne: SX900 kilo 11.5 ce mai maɓalli 61, Genos kilo 13 mai 76, kuma Genos ɗin ba ta da lasifika a jikinta, sai ka tanadi naka.

Sannan gwani ya zagaya bayan na'urar. Mutane kaɗan ne ke yin haka, alhali ɗaukar waƙa a gida a nan take rayuwa ko ta mutu. Hanya biyu ce. Ta farko, ka saka filas na'urar ta ɗauki sautin kai tsaye, an gama, amma komai ya gauraye, ba ka iya rage ganga ka bar bes. Ta biyu ita ce midi, tsarin da aka fito da shi a 1983, mai layi 16. Shi ba sauti yake ɗauka ba, bayanin abin da yatsu suka yi yake rubutawa: wane maɓalli, da wane ƙarfi, na tsawon yaya. Da shi za ka gyara bugun da ya kauce, ka mai da jita garaya bayan kwana uku, sannan ka tura kowane layi shi kaɗai zuwa kwamfuta. Don haka yake duba ramin haɗi da kwamfuta, da na makirufo, da ko akwai ƙarin mafitar sauti ban da manyan biyu. SX900 tana da su, kuma da su ake ware bes ko ganga zuwa nasu layin a mikisa. Tana kuma iya yi wa mawaƙi 'yan amshi daga muryarsa bisa kod ɗin hannun hagu, abin da SX700 ba ta yi. Ga wanda yake waƙa shi kaɗai a ɗaki, wannan bambancin kaɗai yana iya yanke hukunci.

In ta hannu ce, sai ya bi maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, a hankali da ƙarfi, domin ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin robar da ke auna dannawa, sai ka ji maɓalli ɗaya yana tsawa ko ya yi shiru. Ya murɗa kowane mamurɗi yana sauraron ƙaiƙayi, ya motsa waya a raminta, ya ajiye shiri ya kashe ya kunna ya ga ko ta riƙe. Ya juya adafta ya karanta rubutun bayanta, don wadda aka yi wa Japan ko Amurka tana iya zama ta wuta 100 ko 120, tamu kuwa 230 ce. Kafin ya soma ciniki ya riga ya ware kuɗin sitabilaiza saboda wutar janareta, da na jaka mai kauri, da na feda, da na ƙafar ɗorawa wadda ba ta rawa. Abin da ya rage a aljihunsa shi ne farashin da zai taya.