Labaran Kimiyya na Mujallun Araha: Shin Nishaɗi Kaɗai Ya Isa?

Al'adar manazarta ce idan littafi ya zo hannunsu su fara tambayar jigonsa da darasin da yake koyarwa. In ba su samu ba sai su ce ai wannan na hira ne, su ture shi gefe. Wannan ɗan sharhi zai gwada wannan ma'auni a kan wani nau'in rubutu da aka daɗe ana yi wa kallon hadarin kaji, wato matsakaitan ƙagaggun labaran kimiyya da aka riƙa bugawa a mujallun araha na Amurka daga 1926 zuwa wajen 1955. Matsakaici a nan shi ne labarin da ya zarce gajere amma bai kai cikakken littafi ba, wanda mutum zai karance a dare ɗaya.

Hugo Gernsback ne ya fito da mujalla ta farko da ta keɓanta da irin waɗannan labarai, mai suna Amazing Stories, a watan Afrilu na 1926, ana sayar da ita senti 25. Takardar mai kaushi ce, ta niƙaƙƙen itace, ba ta jimawa take yin ja ta ruɓe. Marubuci kuwa da yawan kalmominsa ake biyansa, galibi senti ɗaya ko ƙasa da haka a kan kowace kalma. Wannan ne ya haifar da zubinsu: a buɗe da haɗari, a rufe kowane babi da rai a hannun Allah, domin mai rubutu don tuwo ba ya da lokacin kwana-kwana.

Illolinsu ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, kimiyyar da suka dogara da ita ta rushe. Sun cika duniyar Mas da magudanan ruwa da tsofaffin birane, sai kumbon Mariner 4 ya aiko da hotuna a 1965, aka ga ramuka da fako. Sun mai da Zuhura dausayi mai duhuwa, sai kumbon Venera 7 ya sauka a can a 1970 ya tarar da zafin da ya haura digiri 400. Na biyu, taurarin ba su da zurfi. Jarumi jarumi ne tun daga shafin farko, mace kuwa sau da yawa ba ta da aiki sai jiran mai ceto. Na uku, wasu na ɗauke da ƙyamar jinsi. Alal misali, Armageddon 2419 A.D. na Philip Francis Nowlan, wanda ya fito a 1928 kuma daga gare shi aka samo shahararren tauraron nan Buck Rogers, an gina shi ne a kan tsoron mutanen Asiya za su mamaye Amurka. Yau wannan labari ya fi amfani ga mai nazarin tarihi bisa ga mai neman hira.

To amma mu dubi Who Goes There? na John W. Campbell, wanda ya fito a mujallar Astounding a 1938. Wasu masu bincike ne a Antatika suka tono wata halitta daga cikin ƙanƙara, ashe tana iya rikiɗa ta zama kamar duk mai ran da ta cinye, har murya da ɗabi'a. Daga nan kowa ya shiga zargin na kusa da shi, ga shi ba hanyar gudu. Daga bisani suka gano dabara: a ɗebi jinin kowa a taɓa shi da waya mai zafi, jinin dodon zai zabura don ya tsira. Babu wa'azi ko na layi ɗaya, amma duk wanda ya taɓa zama cikin jama'ar da amana ta ƙare a tsakaninsu zai gane abin da ake faɗi. Shi ya sa aka mai da shi fim a 1951, aka sake a 1982.

Haka nan Leigh Brackett, wadda ta yi ta rubutu a Planet Stories. Mas ɗinta ba ta wanzu ba, amma ayari da rijiyoyi da biranen da hamada ta cinye suna nan da ransu a shafi, domin abin da take bayarwa shi ne kewar abin da ya shuɗe, wannan kuwa kumbo ba ya ƙaryata shi.

Ashe ke nan abin da ya raba mai rai da matacce cikin waɗannan labarai ba darasi ba ne, ba kuma ingancin kimiyya ba ne. Wanda ya jingina da na'ura ya tsufa tare da na'urarsa. Wanda ya kama tsoro ko kewa ko son sani irin na ɗan Adam ya tsira. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a nan, domin abin da ya sa ake tuna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, shi ne zumuɗin bin yaron nan Kilba zuwa sararin samaniya.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce nishaɗi ya isa, muddin an ƙware a kansa, kuma haƙƙin manazarci ne ya auna shi da mudunsa: shin labarin ya riƙe mai karatu, kuma da me ya riƙe shi? Hana mutum barci da takarda da tawada ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ya raina tsayuwar wata, in ji masu iya magana, sai ya hau ya gyara.